Yayana Mai Wankin Hula

Sau ɗaya tak na taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna. Ɗan fari ne, ita kuma ta tashi a gidan da ake yi wa ɗan fari kara ta gaske. In za ta aike shi sai ta ce "kai", in tana ba da labarinsa ta ce "yaron nan", in baƙi suka tambaye ta lafiyarsa ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Ranar da ta karya wannan doka ina shekara bakwai, a bazarar 1996, kwana biyu da sallamo shi daga asibiti. Yana zaune a tsakar gida ya ba ta baya, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Ta ce "kai, zo ka sha kunu", shiru. Ta sake, shiru. Ta ɗauki murfin kwano ta sake shi a kan siminti, kaji suka watse, shi ko gezau. Sai ta miƙe tsaye ta kira sunansa na yanka da ƙarfi har sau uku, muryarta na rawa. Bai waiwayo ba. A haka muka san sanƙarau ya tafi da kunnuwansa.

Duk wanda ya yi wayo a Kano a shekarar nan bai manta ta ba. Sanƙarau ya shigo da zafinsa, ƙyanda da amai da gudawa suka rufa masa baya. Sama da mutum dubu 100 suka kamu a Najeriya, fiye da dubu 11 suka rasu, yawanci yara. A layinmu kaɗai an fitar da makara huɗu. Yaya yana shekara 11, yana aji biyar na firamare, da yamma yana makarantar allo. Ya dawo daga ƙwallo yana cewa kansa zai fashe, kafin asuba wuya ya sanƙare, ko haɓarsa ba ya iya kaiwa ƙirji. Baba ya goya shi a Vespa, Baffa ya zauna a baya ya tallabe shi. Sai da na girma wani likita ya yi mini bayanin abin da ya faru a kwanakin nan: ƙwayar cutar tana kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kumburin ya kai ga can cikin kunne ya lalata shi, wani lokaci ya bar tabo a ƙwaƙwalwa. Ya ce cikin mutum biyar da suka tashi, kusan ɗaya yakan tashi da abin da zai zauna da shi har abada. Yaya ya tashi da uku: kurumta, farfaɗiya, da nauyin fahimta, wanda ya sa lissafi da karatu suka tsaya masa a inda ciwon ya same su.

Unguwa ta sa masa Bebe, alhali ba bebe ba ne. Yana magana, da ƙarfi ma, tunda ba ya jin kansa. Sai dai kalmomin sun riƙa zaizayewa shekara bayan shekara, kamar sabulun da aka bari a ruwa, har ya zama mu 'yan gida kaɗai ke tsintar abin da yake faɗa. Sauran kuma da hannu. Baba ya so kai shi makarantar kurame ta Tudun Maliki, Inna ta ce ba za ta iya barci ba in ciwon ya kayar da shi a inda ba ta gani. Maganar hannun da muka yi da shi ta gida ce, wasu alamun ya samo wurin kuramen da yake haɗuwa da su a masallacin Juma'a, wasu shi ya ƙirƙiro. Baba gemu ne. Inna ɗaurin ɗankwali. Gwaggo, Allah ya ji ƙanta, baki ne mai buɗewa da rufewa, kuma har ta rasu ba ta san haka yake kiranta ba. Ni kuwa sai ya nuna ɗan ƙaramin yatsa, ya ce "Auta" da wata irin murya da ke cika soro.

Farfaɗiyar ce ta fi wahalar da mu, ba don faɗuwar ba, don mutane. Na tuna wata la'asar da ta kayar da shi a sahu, ana raka'a ta biyu. Kafin a sallame, gefensa ya zama fili. Dattawa masu furfura suna tattare riguna kada yawunsa ya taɓa su, wai ana ɗauka. Wani mai son taimako ya ruga ya kawo cokali ya cusa masa a baki don kada ya haɗiye harshe, haƙorinsa na gaba ya gutsure a nan. Har ya koma ga Allah da wannan giɓin yake dariya. Shekara kusan shida muna yawon magani: rubutu, hayaƙi, ruƙiyya, har wani ƙauye a hanyar Ɗambatta aka kai shi, aka karɓe wa Baba tunkiya. Ban ga laifin iyayena ba, abin da suka sani ke nan, kuma ba su taɓa gajiya ba. Amma ranar da aka fara ba shi ƙwayar asibiti safe da dare, faɗuwar da yake yi sau biyu sau uku a mako ta koma sau ɗaya a wata, wani lokacin ma wata uku shiru. A can aka koya mana cewa ba a sa komai a bakin mai farfaɗiya, ba a danne shi, ba a watsa masa ruwa. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe har ta sake shi. Kuma yawun nan yawu ne kawai. Na sha tsayawa a ƙofar masallaci ina maimaita wannan karatu, tun ana yi mini kallon ɗan boko mai iyayi har liman ya ɗauki maganar ya faɗa da bakinsa bayan sallar isha'i.

Neman sana'ar da za ta karɓe shi ma sai da aka sha fama. Mai injin niƙa ya ce a ba shi shi, tunda ƙara ba ta damunsa, Inna ta ce a kai kasuwa, ba za ta kai ɗanta kusa da bel mai juyawa ba. Guga akwai wuta, ga-ruwa akwai rijiya, kafinta akwai zarto. Sai wani dattijo mai wankin hula a bakin layinmu ya ce a turo masa shi ya riƙa ɗauraya. A zaune ake yi, ruwan bai wuce na baho ba. Nan Allah ya ajiye abincinsa. Da dattijon ya tsufa ya koma garinsu, Yaya ya gaji gumakan itacen da ake ɗora hula a kai, ya dawo da su soron gidanmu.

Wanda bai ga Yaya da hula ba bai san shi ba. Zai ɗauke ta ya juya, ya leƙa ciki, ya shinshina, ya harari mai ita in ta yi maiƙo da yawa. Zanna bukar da kube da damanga kowacce da yadda yake bi da ita. 'Yar Bama mai tsada ba ya bari buroshi ya taɓa zarenta, da tafin hannu yake murza ta a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ya sa sitaci daidai, ya zaɓi gunkin da ya yi daidai da kan mai ita, ya ja ta ta zauna ɗas, ya jera a rana. Ba ya rubuta suna, ba ya sa lamba, ai bai iya ba. Amma ko hula hamsin ce a jere, kana shigowa soro zai kalli fuskarka ya miƙa hannu ya ɗauko taka. Wani Alhaji ya taɓa rantsuwa cewa an musanya masa, aka yi ta ja-in-ja, Yaya ya kama hannunsa ya juya hular ya nuna masa wani ɗan ɗinki da aka yi da baƙin zare a ciki. Alhaji ya yi shiru, can ya ce uwargidansa ce ta ɗinke masa tun bara. Daga ranar har 'ya'yansa suka riƙa kawo nasu.

Kuɗi kuwa da fuska ya san su. Naira 20 ya sara kamar soja, Murtala ke nan. Naira 200 ya zagaya hannu a ka alamar rawanin Sardauna. Naira 1,000 ya ɗaga yatsu biyu, mai kai biyu. Bai iya cewa nawa ya rage ba, amma ya san hula ɗaya fuskar wa take ci, kuma ba a cutarsa sau biyu. Kullum da daddare zai ba Inna na cefane, ya ware na magani, sauran ya shige da su ɗaki. Bayan rasuwar Baba a 2011, sau da yawa kuɗin hular nan ne ya ɗora tukunya a gidanmu, ni ina makaranta ina cin tuwon ina kiransa marar lafiya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ba yabon ba ne kaɗai. Akwai abin da ke ci mini rai.

An ɗaura mini aure a 2016. Yaya ya wanke hulunan abokaina duka bai karɓi ko sisi ba, ya sa farar shadda, ya tsaya a ƙofar gida yana miƙa wa kowa hannu yana nuna ƙaramin yatsa, wai ƙaninsa ne ango. Da yamma an watse, muna zaune da su Baffa da Kawu a soro ana cin ragowar alkaki, ya zo ya durƙusa a gaban Baffa. Ya nuna ni, ya haɗa yatsunsa biyu manuniya gefe da gefe, alamar aure. Sannan ya buga ƙirjinsa ya buɗe tafin hannu: ni fa? Soron ya fashe da dariya. Kawu har da hawaye, yana cewa "Lallai Bebe an girma!" Baffa ya dafa kansa ya yi masa alamar sai gaba. Ni ma na yi dariyar. Shi ma da ya ga kowa na dariya sai ya taya mu, da giɓinsa, ya tashi ya koma wajen gumakansa. Shekararsa 31 a ranar.

Ba wanda ya ƙi shi a gidanmu, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Naman da ya fi taushi nasa ne. Ba ya kwana shi kaɗai, ko ni ko wani ɗan yayarmu na gefensa. Amma duk wannan kulawar irin wadda ake yi wa yaro ce. Ba a shawara da shi. Da aka raba gadon Baba, a gabansa aka yi lissafin kasonsa aka damƙa mini riƙo, ba wanda ya juya ya yi masa bayani da hannu. 'Ya'yan da aka haifa a gabansa suna gaishe ni a durƙushe, shi kuma su ja masa riga su gudu. Mun tsayar da shi a shekara 11 ɗin da ciwo ya same shi, shi kuwa gemunsa har ya fara furfura. Kurame nawa ne a Kano da matansu da 'ya'yansu? Masu farfaɗiya nawa ne ke riƙe da gida? Mun san su, muna gaisawa da su. Namu ne dai muka yanke masa hukunci ba tare da mun taɓa zama mun auna ba. In an matsa mana sai mu ce wa za ta yarda, ko mu ce kada a ɗauki alhakin 'yar mutane. Ba mu tambayi 'yar mutanen ba.

Sai canjin kuɗi ya zo. A ƙarshen 2022 aka fito da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, aka ce daga 31 ga Janairun 2023 tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Na san Yaya na da ajiya. Na nuna masa sabuwar dubu, shuɗiya, ya juya ta ya ga kawuna biyun suna nan amma launin ba shi ba ne, ya jefar ya yi alamar jabu. Na yi bayani har hannuna ya gaji. Ta yaya za ka gaya wa mutum da hannu cewa kuɗin da ya tara da guminsa za su zama takarda ranar Talata saboda wasu a Abuja sun ce haka? Da na ga kwanaki na ƙurewa, sai na bari ya tafi masallaci, na ɗaga katifarsa. Gwangwanin madara ne babba, an naɗe shi da tsohon rawanin Baba. A ciki kuɗi ne a jere, kowace fuska da ɗaurinta da zaren hula, Sardauna daban, mai kai biyu daban. Naira dubu 143. Na kai banki na yi layin wuni guda na zuba a asusuna.

Da ya dawo ya tarar da gwangwani wayam, ihun da ya yi har maƙwabta suka shigo. Na nuna masa takardar banki, na nuna masa lambobi a waya. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ɗaga ƙaramin yatsa, sannan ya yi alamar da ban taɓa zaton zai haɗa da sunana ba: ya zura hannu a aljihun wani ya zare. Daren nan ciwon ya kayar da shi sau biyu. Ga shi kuma kuɗin sun shiga sun maƙale, ba sababbi ba tsofaffi, mai POS na sayar maka da kuɗinka, mutane na kwana a bakin na'urar cirar kuɗi. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki, kuma har yau ana karɓarsu. Da na bar masa gwangwaninsa a inda yake, da babu abin da ya same shi. Wata biyu ba ya cin abinci in ina wurin. Da kuɗi suka samu na ciro masa duka, na roƙi mai shagon layinmu ya canza mini su zuwa tsofaffi, na zauna a gabansa na jera. Ya duba ɗauri-ɗauri, ya mayar a gwangwani, ya tashi da shi. Washegari na tarar da hulata a wanke a kan gunki. Sulhunmu ke nan. Ban tambaye shi me yake tarawa ba. Ban ma yi tunanin mutum irinsa na iya tara kuɗi don wani abu ba, na ɗauka tarawar ce kawai ke masa daɗi.

A Oktoban shekarar aka yi auren gata na gwamnatin Kano, ma'aurata 1,800. Ya gani a wayata, gadaje da katifu a jere, angwaye cikin fararen kaya. Ya riƙe wayar ya daɗe. Sannan ya yi alamar mayafi, ya yi alamar juya abu a kasko, ya nuna bakin layi, ya haɗa yatsu biyu. Na ce wa matata, "Yaya ƙosai yake so," na ba yaro ɗari biyu ya sayo masa. Wallahi na fahimci abin da ya ce. Na zaɓi in ji ƙosai ne don ya fi sauƙi.

Azumin 2024 ya zo cikin zafi mai tsanani. Tun da daɗewa liman ya yi masa bayani cewa Allah ya ɗauke masa, shi kuwa in aka faɗa sai ya ɓata rai ya shafa gemunsa, ya nuna yara, wato su ne ba sa yi. Likita ya mayar masa da maganin sahur da buɗa-baki. A goman ƙarshe aiki ya yi masa yawa, kowa na son hularsa kafin Sallah, soro ya cika har kan dakali. Daren 26 ga wata ya sha kunu, ya sha magani, ya kwanta. Da na zo tashinsa sahur na taɓa ƙafarsa kamar yadda muka saba, na ji ta yi sanyi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yana shekara 39.

Ban taɓa ganin jana'iza irin tasa a layinmu ba. Mutanen da suka taɓa tattare riguna don gudun yawunsa suna rige-rigen kama makara. Kurame sun zo su fi ashirin, daga unguwannin da ban san ya san kowa ba, suka tsaya gefe guda suna magana da hannu da sauri, wasu na kuka ba sauti. Ɗaya daga cikinsu ya kama ni ya nuna mini sunan da suke kiransa da shi: hannu biyu na daidaita hula a ka. Da aka dawo daga maƙabarta sai ga matsalar da ba wanda ya hango. Huluna sittin da wani abu a jere, an wanke an sa sitaci, ba suna ba lamba. Wanda ya san ta wane ce wannan yana ƙarƙashin ƙasa. Muka ce kowa ya shiga ya duba tasa. Manyan mutane suna ɗagawa suna gwadawa suna ajiyewa, wani ya kasa gane hular da ya shekara biyar yana sawa. Har bayan Sallah ana dawo da wasu ana musanya. Kwanaki kaɗan bayan haka na ji a rediyo cewa Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar. Na kashe rediyon, na je na tambayi matata ina katin rigakafin yara.

Ranar sadakar bakwai, mai shagon atamfa na bakin titi ya aiko yaronsa da leda. Turmi uku, da takalmin mata, da mayafi ruwan toka. Ya ce Yaya ya fi shekara yana kawo kuɗi kaɗan-kaɗan, shi yake zaɓa da kansa, ya ce a ajiye masa. Ana cikin juya kayan a ɗakin Inna sai mai ƙosan bakin layi ta yi sallama. Bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, shekara da shekaru tana suya a wurin. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, idonta ya sauka a kan ledar, sai ta rufe fuska da mayafi.

Inna ta ce, "Baiwar Allah, ko kin san da zancen kayan nan?"

Ta ce, "Inna, ya yi mini magana tun kafin azumin bara. Kullum shi ke ɗaukar mini itace, in yarana sun yi faɗa shi ke raba su. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa kowa hannu ba."

"To me kika ce masa?"

"Na ce ya turo manyansa." Ta yi shiru. "Ya ce ya faɗa musu."

Ba wanda ya kalli wani a ɗakin. Ina tsaye a bakin ƙofa, ni ne manyan. Inna ta daɗe tana shafa atamfar da ke sama, mai ganye-ganye kore, sannan ta haɗa kayan ta mayar a leda ta tura gabanta. Matar ta ce ba za ta iya ba. Inna ta ce, "Ba ni na ba ki ba. Yaron nan ne ya saya, kuma ba ni ya saya wa ba."

Ta ɗinka koren. Ranar Juma'a take sa shi. Gumakan suna nan a soro, ɗan yayarmu ya fara koyon wankin, yana rubuta sunan kowa a 'yar takarda ya soke da allura. In na fito da safe na bi ta bakin layi, nakan tsaya in rusuna in gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba, ta ƙulla ƙosai ta miƙo wa yarana. Na yi na yi ta karɓi kuɗin, ta ƙi.